Aiki Amana Ne, Ke Ma Amana Ce



'Yata, na saurari saƙonnin muryar da kika turo mini. Ban amsa nan take ba, domin maganar ba ta tsaye ba ce, kuma na san in na kira ki a waya kuka zai ci ƙarfinki, mu rabu ba a ƙulla komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuto miki. Ki ajiye takardar nan sai ranar da ba ki da duti, ki yi barci ki ƙoshi, sannan ki karanta.

Abin da na tsinta a bayaninki abu uku ne, ko da yake ke kin dunƙule su wuri guda kin ce kin gaji da aikin. Na farko, kaya ya yi miki yawa: gadaje cike, hannu kaɗan, ki sauka daga aikin dare a maido ki na safe. Na biyu, akwai abokiyar aikin da ta sa ki a gaba tana yi miki zagon ƙasa. Na uku, ɗakin da kansa ya gurɓace, an rabu gida-gida, ana gaisawa da baki ana harara da ido, shugabar ɗaki kuma ta kau da kai. Kowane ɗaya da maganinsa. In kika bar su a dunƙule za ki rasa ta inda za ki kama, ki wayi gari kina ƙin sana'ar da kika shiga da ƙauna.

Kin ce duk wanda kika kai wa kuka amsarsa ɗaya ce, ki yi haƙuri. Ni ma da ita zan fara, don na daɗe cikin farin kaya, na ga yadda gaggawa take kayar da masu gaskiya. Sai dai haƙurin da nake nufi shi ne ki danne fushinki ki bar hankalinki ya yi aiki. A zauna a naɗe hannu ana taka mutum har lafiyarsa ta tafi, sunansa ya ɓaci, wannan sakaci ne. Ranar da kika karɓi lasisinki kin ɗauki amanar marasa lafiya. Amma tun kafin ita akwai amana biyu da Allah Ya ɗora miki, jikinki da mutuncinki. Wadda ta yi wasa da waɗannan biyun, ko ba jima ko ba daɗe ta marasa lafiyar ma za ta suɓuce mata. Duk abin da zan faɗa miki a kan wannan ya rataya.

Mu fara da yawan aiki. Ki daina zargin kanki da ragwanci. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. Wasu suna Ingila, wasu Amurka, wasu Saudiyya. Marasa lafiya kuwa ba su bi su ba, a nan aka bar su a hannun waɗanda suka rage. Ki haɗa da irinmu da muka yi ritaya ba a maye gurbinmu ba. Don haka in kin tsinci kanki ke kaɗai da ɗaki guda a tsakar dare, aikin mutum uku ne aka jibga wa mutum ɗaya.

Wannan jibgi kuma ba ke kaɗai yake cutarwa ba. A shekarar 2002 wata malamar jinya a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, Linda Aiken, ita da abokan bincikenta suka bi diddigin waɗanda aka yi wa tiyata a asibitoci 168. Suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar mara lafiya cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne yaren da shugabanni suke ji. In kika ce kin gaji, za a ce miki kowa ma ya gaji. In kuwa kika rubuta cewa daren jiya nas ɗaya ce a kan gado kaza, allurar ƙarfe 2 ba a yi ta ba sai ƙarfe 4 saboda kina kan mai jijjiga, to magana ta koma ta rayukan mutane, kuma duk wanda takardar ta shiga hannunsa ya shiga cikin alhakin.

Sai abin da yawan aikin yake yi wa jikinki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da rahoto cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne dogon aiki ya yi ajalinsu a 2016 kaɗai. Ki lissafa awanninki na makon jiya, kafin ma ki haɗa da girki da wanki da hidimar yara. Tun 2019 Hukumar Lafiyar ta amince cewa akwai wata gajiya ta musamman da matsin aiki marar yankewa yake haifarwa, kuma ta ba ta alama uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe game da aikin, hannu ya daina kyau. Ta tsakiyar ce ta fi ba ni tsoro. Ranar da wata tsohuwa mai jinyar ɗanta ta tsaya a bakin tebur ta ce, "Sista, ruwan ya ƙare," kika ji ranki ya ɓaci da ita ba tare da ta yi miki komai ba, ki san ba halinki ba ne ya canza. Jikinki ne yake neman agaji.

Kin san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su. Salmanu ya kai wa ɗan'uwan nasa ziyara, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta daina kula da kanta. Sai ya sa shi ya ci abinci, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da nasa, iyalinsa ma haka. Da maganar ta je ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. To in ibadar nafila ba ta halatta wa mutum ya tauye jikinsa ba, ina ga jadawalin duti da wata ta zauna ta zana da biro?

Saboda haka ki koyi cewa a'a cikin ladabi. Na san ki, tun kina ƙarama in an aike ki kina cikin cin abinci sai ki ajiye kwanon ki tashi. Hali ne mai kyau a gida, amma a wurin aiki shi ne yake sa a gane wadda za a riƙa ɗora wa ragowar kowa. In aka zo miki da ƙarin duti bayan kin kwana a tsaye, ki ce, "Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa, daren jiya na yi. In na karɓi wannan ina tsoron kuskure a kan mara lafiya. Ranar Alhamis zan iya." Kin ba da dalili, kin ba da mafita, ba ki ɗaga murya ba. Karon farko za a haɗe miki rai, daga baya a saba. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba, kuma cikin kowane kwana bakwai ya sami hutun awa 24 a jere. Masu sana'ar ƙwarewa irinku sun fi dogara da takardar ɗaukar aiki da ƙa'idojin aikin gwamnati, don haka ki nemo naki ki karanta su da kanki. Amma abin da doka ta yanka wa lebura a matsayin mafi ƙaranci, ba abin kunya ba ne nas ta nemi irinsa. Hutunki na shekara ki cike takardarsa da wuri, kar ki bari a yi ta ɗaga miki shi. Ki ci abinci kafin ki shiga duti. Ki riƙa auna jininki kamar yadda kike auna na mutane. Kuma ina roƙonki don Allah, komai rashin barci kar hannunki ya kai ga kabad ɗin magani don neman abin sa barci ko abin kashe gajiya. Na ga ma'aikata na kirki da suka fara da ƙwaya ɗaya, ƙarshensu bai yi kyau ba. In barci ya ƙi, ki ga likita kamar kowa.

Yanzu sai baiwar Allah da ta hana ki sakat. Kafin mu ɗora mata laifi duka, Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki zauna ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: kin taɓa gyara mata kuskure a gaban likita? Kin taɓa yi mata maganar da ta ji kamar raini? Ke kin zo da digiri, ita ta shekara da shekaru da takardar makarantar jinya, ga likitoci suna yabonki a gabanta. Sau da yawa abin da muke gani mugunta, tushensa tsoro ne, tana ganin ƙarin girman da ta daɗe tana jira zai tsallake ta. Wannan bai wanke ta ba, amma zai nuna miki ta inda za ki ɓullo mata. In kin gano kin taɓa ɓata mata, ki ba ta haƙuri sau ɗaya, a fili, ba kwana-kwana. In kuwa kin bincika ba ki ga komai ba, kar ki ƙago wa kanki laifi don a zauna lafiya.

Sannan ki raba abubuwan da take yi gida biyu. Akwai masu sosa rai kawai: ta ƙi amsa gaisuwa, ta yi tsaki in kin wuce, ta karɓi yabon aikin da kika yi. Da yawa daga cikin waɗannan kau da kai ne maganinsu, ba kowane jifa ake waiwaya ba. Akwai kuma masu taɓa mara lafiya ko masu taɓa fayil ɗinki: ta ɓoye miki cewa likita ya canza adadin magani, ta ƙi gaya miki an hana mai gado kaza cin abinci saboda tiyatar safe, ta kai ki gaba da ƙaryar kin bar ɗaki. Waɗannan ba a yi musu kawaici ko sau ɗaya, don in abu ya faru, sa hannun da ke kan katin magani shi za a bi, kuma naki ne.

Ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye a jakarki. Duk abin da ya faru ki rubuta a ranar, tun bai huce ba. Ga irin rubutun da nake nufi: "Talata, ƙarfe 8 na dare, wajen karɓar aiki. Ba a gaya mini an tsayar da allurar mai gado na 6 ba. Na gani a fayil ƙarfe 9. Na sanar da likitan da ke kan kira. Mai taimaka mana a ɗaki tana wurin." Shi ke nan. Babu "muguwa", babu "da gangan ta yi". Rana, lokaci, abin da ya faru, wanda ya gani. Kar ki sa sunan mara lafiya, kuma kar ki ɗauki hoton fayil ɗinsa a wayarki, don sirrinsa amana ne, in kika keta shi garin neman hujja kin ba da sandar dukanki. Littafin nan zai yi miki amfani biyu. Zai zama madogara ranar da aka tsare ki da tambaya. Zai kuma nuna miki gaskiyar lamarin: bayan wata biyu ki duba, ko dai ki ga abin ya fi yadda kike zato, ko ki ga bai kai ba.

Wajen miƙa aiki kuwa ki canza salo, kuma da kowa, don kar a ce ita kika tsana. Kar ki yarda a miƙa miki ɗaki a bakin ƙofa ana saɓa jaka. Ku bi gado-gado, fayil a hannunki, ki buɗe shafin likita na ƙarshe da idonki, ki maimaita abin da aka faɗa miki da ƙarfi: "Wato mai gado na 6 an tsayar da allurarsa, na 9 ba zai ci komai ba daga sha biyun dare, haka ne?" Ta amsa, ku sa hannu. Tun muna ɗalibai aka koya mana cewa abin da ba a rubuta ba, a wurin hukuma ba a yi shi ba. Minti goma za ki ƙara, ki toshe ƙofar da aka fi shigo miki ta ita.

Bayan haka ki same ta ku biyu. Na san wannan ne zai fi yi miki nauyi, don an tarbiyyantar da ku kar ku haɗa ido da na gaba. Ki zaɓi lokaci: ba bayan aikin dare ba, ba a gaban masu jinya ba. Bayan sallar azahar, a ɗakin canza kaya, ki gaishe ta da girmamawa ki ce, "Anti, akwai maganar da nake so mu yi. Ranar Talata da kika yi mini faɗa a gaban 'yan'uwan mara lafiya, sun daina yarda in taɓa shi. In na yi kuskure, ki ja ni gefe ki gyara mini, wallahi zan karɓa." Abu ɗaya za ki ambata, kar ki kwance mata buhun shekara guda. Tana iya musantawa, tana iya cewa wasa take yi, tana iya hayayyaƙo miki. Kar ki ja. Ki ce, "To Anti, na dai faɗa miki abin da ke raina," ki yi sallama. Ko ba ta amsa laifi ba, saƙo ya isa: kifi na ganinka, mai jar koma. Mai aiki a ɓoye yakan ja baya in ya san an gan shi. In kuma ba ta daina ba, kin sauke haƙƙin zumunci, ba wanda zai ce kin kai ƙara ba ki nemi sulhu ba.

A duk tsawon wannan, ki kama bakinki. Wadda ta zo ta zauna kusa da ke tana cewa "kin ji abin da ta ce a kanki?", da ƙafar da ta kawo miki da ita za ta kai naki. Ki ce mata "Allah Ya kyauta," ki ci gaba da rubutunki. Zauren WhatsApp na ɗakinku ki bar shi ga sanarwar aiki. Habaici a sitatus kuma ki yafe shi gaba ɗaya, don abin da kika rubuta cikin fushi da dare, kafin gari ya waye an ɗauki hotonsa an kai ofis. Addini ya ba wanda aka zalunta damar faɗin abin da aka yi masa ga wanda zai iya cire masa zaluncin, wannan ba gulma ba ce. Amma a zauna ana cin gyaɗa ana tattauna halinta da waɗanda ba su da ikon gyara komai, wannan ladanki kike kwasa kina ba ta.

In abin ya ci gaba, sai ki kai gaba, amma daki-daki. Ki fara da shugabar ɗaki ko da kina ganin ta karkata, don in kika tsallake ta kin ƙara abokiyar gaba. Da baki tukuna. In ba a ga canji ba, a rubuce, kwafi biyu, a sa miki hannu da kwanan wata a kan naki. Daga nan sai shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin. Kar ki shiga ofis da hawaye da dogon tarihi. Ki shiga da abu uku daga littafinki, waɗanda suka shafi marasa lafiya, sannan ki faɗi abin da kike nema a fili: a raba muku duti, ko a wajabta miƙa aiki a rubuce, ko a mayar da ke wani ɗaki. Shugaba ya fi saurin biyan buƙatar da aka yanka masa fiye da kukan da ba shi da kai. In kuma aka ba ki takardar tuhuma, kar ki ƙi karɓa, kar kuma ki amsa a ranar da ranki yake tafasa. Ki amsa cikin wa'adin da aka ɗiba miki, abin da aka tambaya kaɗai, da rana da lokaci, ki nuna wa wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya kafin ki miƙa, ki ajiye kwafi a gida.

Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa da ake cire miki kuɗinta a albashi, ba don yajin aiki kaɗai aka kafa ta ba. Ki san wakilinku tun kafin ki buƙace shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan ita akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, tana da ofis a jihohi kuma ba a biyan ko kwabo. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un da suka shafi aiki, har da na cin zarafi da nuna bambanci, tana kuma zama a Kano da Kaduna. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 kan hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, Nijeriya ta amince da ita a Nuwamban 2022. Ba don ki ruga kotu nake lissafa miki su ba, akasarin irin wannan rigima a ofishin shugaba take mutuwa. Ina so ne ki shiga ofishin da sanin cewa ba alfarma kika je roƙo ba.

Game da ɗakin da ya rabu gida-gida, kar ki shiga kowane gida. Ki gai da kowa, ki yi wa kowa barka da jaje, har ita. Ki kyautata wa masu shara da masu tura gado da masu gadi, don Allah da farko, sannan su ne idon asibiti, ranar shaida su ne suka ga komai. Ki nemi babba guda ɗaya mai tsoron Allah, ko a wani ɗakin take, ki riƙa shawara da ita. Sai abin da na fi so ki kiyaye: ɗaliban da ake turo muku koyon aiki. Na ga yadda abin yake gadon kansa a sana'armu, wadda aka wulaƙanta tana ƙarama ta girma ta huce a kan na bayanta. Ranar da ɗaliba ta kasa samun jijiya hannunta yana rawa, ki ja ta gefe ki nuna mata yadda kika so a nuna miki. In zaluncin ya tsaya a kanki bai wuce ga na ƙasa ba, kin yi nasarar da ba ta cikin fayil.

Za a sami mai ce miki abin nan ba haka kawai ba ne, sammu ne, zo in kai ki wurin wani. Kar ki je. Za ki rasa kuɗinki, ki jefa imaninki cikin haɗari, ki koma kina zargin duk wanda ya miƙo miki ruwa. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki kai kukanki ga Allah a sujada, addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki. Amma ki roƙi tsari da mafita, kar ki ɓata darenki wajen roƙa mata masifa. Arzikinki ba a hannunta yake ba, hassada ga mai rabo taki ce. In kin koma gida kuma, ki ba kanki ɗan lokaci ki yi wanka ki huce kafin ki shiga cikin yara, don ba su suka yi miki laifi ba. Maigidanki ki sanar da shi halin da ake ciki dalla-dalla, kar ya riƙa ganin fuska a haɗe bai san dalili ba. Amma ki roƙe shi kar ya je asibitin da faɗa, maganar aiki ke za ki tsaya mata.

Saura tambayar da kika yi mini a ƙarshe, ko ki ajiye aikin. Ba zan ce miki kar ki bari ba, akwai wurin da barinsa shi ne daidai. In kin bi duk matakan nan, wata shida ya wuce ba abin da ya motsa, ko ƙorafinki ya jawo miki ramuwa, ko aka nemi ki sa hannu a kan abin da ba ki yi ba, ko jininki ya hau ya ƙi sauka, to lokaci ya yi. Sai dai ki bambance barin wuri da barin sana'a. Sana'ar nan ita ce ta Rufaida al-Aslamiyya, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu hemarta a masallacin Madina bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Mutum ɗaya mai baƙin hali bai isa ya raba ki da ita ba. Ki fara neman canjin ɗaki ko canjin asibiti. Ki duba karatun ƙwarewa: akwai na jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai na jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ki tabbata lasisinki bai mutu ba. Ki shiga adashi ko ki buɗe asusu ki tara abin da zai riƙe ku wata uku. Kar ki rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi, kar kuma ki yi sakin reshe kama ganye, sai sabuwar takarda ta shigo hannunki. In za ki tafi, ki ba da sanarwa yadda ƙa'ida ta ce, ki miƙa komai a rubuce, ki yi sallama da kowa har da ita. Ma'aikatan jinya a jiha ɗaya dangi ne, za ku sake haɗuwa a taron bita ko a gaban kwamitin ƙarin girma.

Kar ki ce za ki yi duka a mako ɗaya. A wannan makon ki sayi littafin, ki auna jininki, ki cike takardar hutu. Mako mai zuwa ki fara karɓar aiki gado-gado. In kin shirya yi mata magana, ki kira ni tukuna mu gwada, ni in zama ita, ki faɗa mini har bakinki ya saba.

Allah Ya tsare ki daga sharrin mai sharri, Ya sa albarka a hannunki, Ya ba ki lafiya da kwanciyar hankali, Ya shirye ta, Ya shirye mu baki ɗaya. Ki gai da maigidan da kyau, ki shafa mini kan yaran. In an ba ki hutun, ku zo mini ko na kwana biyu ne.

Wassalamu alaikum.

Goggonki